Shin raba aiki a kan tebura da yawa yana ƙara wa kwamfuta sauri?

Tambaya: Ina da shagon buga takardu da cike wa mutane fom ta intanet. Kwamfutata laftof ce Tokumbo, RAM ɗinta 4GB, tana kan Windows 10. Kafin azahar sai ta fara nauyi, ga tagogi sun yi mini yawa har na rasa inda na ajiye aikin wani. Wani abokina ya ce in riƙa buɗe Desktop 2 da Desktop 3 ina rarraba aikin, wai abin da ba ya gabana kwamfutar ba ta ɗauke da shi, don haka za ta yi sauri. Gaskiya ne? Kuma yaya ake yi?

Amsa: Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Abokinka ya ba ka shawara mai kyau, amma dalilin da ya kawo ba daidai ba ne. Raba aiki a kan tebura, wato waɗannan Desktop 2 da Desktop 3, zai rage maka ɓata lokaci ƙwarai, kuma ina ba duk mai irin sana'arka shawarar ya koya. Sai dai ba zai rage wa kwamfutar nauyin da take ɗauke da shi ba. Matsaloli biyu ne ka haɗa a tambayarka, cunkoson tagogi da nauyin na'ura, kowacce kuma maganinta daban. Idan ka sha maganin ɗaya kana jiran ɗayar ta warke, za ka yi ta jira.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Lokacin da ka tura tagar CorelDRAW, manhajar zane, zuwa tebur na biyu, Windows ba ta rufe manhajar ba, ba ta dakatar da ita ba, ba ta kuma kwashe ta daga RAM ba, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe duk abin da ke buɗe a cikinta. Akwai wani sashe na Windows da ke harhaɗa hoton duk tagogin da kake gani a allo, za ka gan shi a Task Manager da sunan Desktop Window Manager. Abin da kawai aka yi shi ne an gaya wa wannan sashe ya daina nuna maka waccan taga sai ka koma teburinta. Manhajar na nan da ranta, fayil ɗin da ka buɗe na nan a RAM, idan tana sauke wani abu daga intanet tana ci gaba da saukewa, idan karatu ko waƙa take kunnawa za ka ci gaba da ji. Kamar motar da aka yi wa lodin buhuna ne aka lulluɓe da tamfol: ido ya daina ganin kayan, amma injin da tayoyin sun san suna nan.

Gani ya kori ji, ka gwada da kanka. Buɗe duk abin da ka saba buɗewa da safe, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito. Shiga Performance, ka taɓa Memory, ka rubuta adadin da ke ƙarƙashin In use. Yanzu ka ƙirƙiri tebur na biyu, ka kwashe rabin tagogin ka kai can, ka dawo ka sake dubawa. Lambar za ta tsaya kusan inda take. Sai ka rufe Chrome gaba ɗaya ka sake dubawa. A nan ne za ka ga ta faɗo.

Amma kada in zalunci abokinka, akwai ɗan ƙamshin gaskiya a maganarsa. Tun daga Chrome 86, wanda ya fito a watan Oktoba na 2020, burauzar tana lura da ko ana ganin tagarta a Windows ko ba a gani. Idan wata taga ta rufe ta ruf, ko tana wani tebur daban, sai Chrome ta ɗauki shafin da ke cikinta a matsayin na bayan fage, ta daina zana shi, ta kuma rage wa ayyukan da ke gudana a cikinsa yawan motsi. Edge ma a kan tushe ɗaya aka gina shi da Chrome. A kwamfutocin Apple akwai makamancin haka mai suna App Nap tun 2013, wanda ke rage wa manhajar da ba a ganin tagarta ƙarfi matuƙar ba sauti take fitarwa ba. To shafin da ke cike da tallace-tallace masu motsi, idan ka tura shi wani tebur, furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta, za ta ɗan sarara, batir ma ya ɗan ƙara jimawa. Abu biyu ne suka rage wa wannan armashi. Na farko, ko ka saukar da tagar ƙasa kawai da alamar nan ta ragi da ke kusurwarta, sakamakon ɗaya ne, ba sai da wani tebur ba. Na biyu, kuma shi ne ya shafe ka, furosesa ce ta huta, RAM bai ragu ba. Kwamfuta mai 4GB kuwa kusan kullum a RAM take shaƙewa.

Akwai ma hanyar da tebura ke ƙara nauyi, kuma ita nake ji wa masu ƙaramin RAM tsoro. Lokacin da komai ke gabanka a layin ƙasa, cunkoson da kansa yana damunka har ka rufe wasu. Da ka sami wurin ɓoyewa, sai ka daina rufewa. Shafuka goma sha na aikin jiya suna kwance a tebur na uku, wani babban PDF na huɗu, kai kuma kana na ɗaya kana ganin fes, kana mamakin me ya sa na'urar ke jan ƙafa. Mai 16GB zai iya wannan sakaci bai ji a jikinsa ba. Kai ba za ka iya ba.

To me ya sa duk da haka na ce ka koya? Saboda rabin jinkirin da ke shagonka ba na na'ura ba ne, na neman taga ne. Wannan ba sabuwar matsala ba ce. A 1986 wasu masu bincike biyu a cibiyar Xerox PARC da ke Kalifoniya, Austin Henderson da Stuart Card, suka wallafa aikinsu a kan wani tsari da suka kira Rooms. Abin da suka lura da shi shi ne mutum ba ya amfani da tagoginsa duka a lokaci guda. Kowane aiki yana da 'yan tagoginsa da ke tafiya tare, kuma idan allo ya yi kaɗan, sai mutum ya koma ɓata lokacinsa wajen buɗe wannan, ture wancan, neman wancan, maimakon aikin kansa. Maganinsu shi ne a ba kowane aiki ɗakinsa. Masu amfani da Linux, wani tsari kishiyar Windows, sun daɗe da wannan tsari tun shekarun 1990, Apple ta kawo nata mai suna Spaces a 2007, Microsoft kuwa ta daɗe tana bayar da shi a matsayin ƙarin manhaja ga mai so, sai a Windows 10 da ta fito a watan Yuli na 2015 ta dasa shi a cikin tsarin kansa. Daga farkonsa har yau, don hankalin mai aiki aka yi shi.

Ka duba yadda rana take a shago irin naka. Kana tsakiyar buga furojet ɗin wata ɗaliba, babi na uku, sai ga wani da gaggawa yana so a cike masa fom kafin a rufe shafin. Ka buɗe burauza a kan Word, ka buɗe folda don ɗauko fasfo ɗinsa, ka buɗe wata manhaja don rage girman hoton domin shafin ya ƙi karɓa, ka buɗe WhatsApp domin can ya turo takardar haihuwarsa. Kafin ka gama, wani ya miƙo filash a buga masa katin biki. Da ka juyo wajen ɗalibar, sai ka danna Alt da Tab ka tarar da hotuna goma sha biyar a jere, uku daga ciki Word ne masu kama da juna. A irin wannan yanayi ne ake buga takardar wani a kuɗin wani, ko a loda hoton wani a fom ɗin da ba nasa ba. Yawancin laftof na zamanin taka allonsu 1366 a 768 ne, da ƙyar yake ɗaukar taga biyu gefe da gefe. Ƙaramin allo shi ne inda tebura suka fi amfani.

Yin sa ba wuya. Maɓallin Windows da Tab zai buɗe maka Task View, inda za ka ga duk tagoginka da kuma wurin da aka rubuta New desktop. Idan ba ka son bi ta nan, Windows da Ctrl da D zai ƙirƙiri sabon tebur ya kai ka kansa nan take. Windows da Ctrl da kibiyar dama ko hagu shi ne tafiya tsakaninsu, kuma wannan shi ne wanda nake so yatsunka su haddace, domin idan sai ka ɗauki maus ka je ka nemo tebur, ribar ta tafi. Windows da Ctrl da F4 yana rufe teburin da kake kai. Kada ka ji tsoron wannan: rufe tebur ba ya rufe aikin da ke kansa, tagogin suna komawa teburin da ke maƙwabtaka da shi ne. A laftof ɗin da faifan taɓawarta na zamani ne, jan yatsu huɗu zuwa gefe ma yana sauya tebur, amma tsofaffi da yawa ba sa yi.

Kai taga wani tebur kuwa sai ta Task View: ko ka ja ta da maus ka sake ta a kan teburin da kake so, ko ka danna mata maɓallin dama ka zaɓi Move to. Windows ba ta zo da gajeriyar hanyar kibod ta yin wannan ba, abin da masu Linux suke da shi tuntuni, kuma gaskiya giɓi ne. A wannan jerin dai za ka ga Show this window on all desktops, wanda ke sa taga ta bi ka duk inda ka je. Ya dace da abu kamar kalkuleta ko fayil ɗin Excel da kake rubuta cinikin rana. Idan Windows 10 ɗinka ta karɓi sabuntawar tsakiyar 2020 ko wadda ta biyo baya, za ka iya taɓa sunan tebur ka sauya shi. Windows 11 ta ƙara da ba kowane tebur hoton bangonsa, wanda ke sa ka gane inda kake da kallo ɗaya.

Yanzu ga wurin da mutane suka fi kuskure, wato yadda ake rabon. Da yawa suna rabawa bisa manhaja: Word a na ɗaya, Chrome a na biyu, folda a na uku. Wannan ƙara wahala ne, domin aiki guda yana buƙatar ukun, sai ka wuni kana zirga-zirga. A raba bisa aiki. Da ni ne a shagonka, uku zan yi. Na farko na dogon aiki, wato bugun furojet da duk abin da zai ɗauki awanni, da Word da PDF ɗin da ake kwafa da foldar mai aikin. Na biyu na mai tsaye, wanda ya zo yanzu zai tafi yanzu, da tagar burauza guda da folda guda, kuma ƙa'idarsa ita ce da mutum ya biya ya tafi, a rufe duk abin da aka buɗe dominsa, a fita daga asusunsa, teburin ya koma wayam kafin na gaba ya zauna. Na uku naka ne, WhatsApp da imel da lissafi. CorelDRAW ban ba shi tebur na dindindin ba da gangan. Da 4GB, a buɗe shi idan aikinsa ya zo, a rufe idan an gama. Fiye da uku ko huɗu, za ka fara mance abin da ke ina, ka dawo gidan jiya.

Akwai saiti guda da ke sa tsarin ya yi aiki ko ya lalace. Shiga Settings, System, Multitasking, ka nemo sashen tebura. Tambaya biyu ce a wurin: layin ƙasa ya nuna tagogin duk tebura ko na wanda kake kai kaɗai, haka ma Alt da Tab. Ga Alt da Tab, bar shi a kan teburin da kake kai kaɗai, domin nan ne duk amfanin yake, hotuna huɗu maimakon goma sha biyar. Ga layin ƙasa kuwa, a nan na saɓa wa abin da aka saba faɗa. Mai wadataccen RAM ya bar shi a teburin da yake kai. Kai ka mayar da shi ya nuna na duk tebura, don idonka ya riƙa ganin abin da na'urar ke ɗauke da shi, ka tuna ka rufe.

A cikin kowane tebur kuma ka haɗa da jera tagogi. Windows da kibiyar hagu zai manna taga a rabin allo na hagu, da kibiyar dama a na dama. Wannan tun Windows 7 yake. Ga mai kwafar rubutu daga PDF zuwa Word, babu abin da ya kai shi. Windows 10 tana yarda a raba allo huɗu, Windows 11 kuma tana da Windows da Z mai fito da tsare-tsaren jeri, amma a ƙaramin allo raba huɗu wahalar da ido ne kawai. Idan wata rana ka sami tsohon allon kwamfutar tebur mai araha ka jona ta VGA ko HDMI, za ka ga bambancin da ya fi na kowace dabara. Ka dai sani cewa a Windows, idan ka sauya tebur, allunan biyu suke sauyawa tare.

Wasu abubuwan za su ba ka haushi, gara ka san su tun yanzu. Fayilolin da ka zube a fuskar kwamfuta iri ɗaya ne a duk tebura, ba a raba su. Wani lokaci za ka danna fayil ɗin Word ko Excel a tebur na biyu, sai Windows ta fizge ka zuwa na ɗaya domin can manhajar take a buɗe. Haka mahaɗin intanet yakan buɗe a tagar burauzar da ka taɓa daga ƙarshe, ko tana wani tebur. Abin da ke rage wannan shi ne kowane tebur ya sami tagar burauzarsa: riƙe Shift ka danna alamar manhajar a layin ƙasa, sabuwar taga za ta buɗe a inda kake. Sannan idan ka kashe kwamfutar ka kunna, teburan da sunayensu za su dawo, amma tagogin sai ka sake jera su. Hibernate ne ke adana komai yadda yake, domin yana kwafe abin da ke RAM zuwa faifai kafin ya kashe. Ga wanda wuta ke ɗaukewa ba sallama kuma batirinsa ya gaji, ya fi Sleep aminci. Duk da haka ka riƙa yi mata Restart na gaskiya lokaci-lokaci.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe da muhimmanci, domin amanar mutane ce a hannunka: tebur ba makulli ba ne. Duk wanda ya zauna a kujerarka ya danna Windows da Tab ya ga komai, har da WhatsApp ɗinka da takardun wanda ya riga shi. Sanarwar saƙo ma tana faɗowa a kowane tebur kake, da sunan mai turowa da farkon maganarsa. Idan kana nuna allonka gaba ɗaya a Zoom ka sauya tebur, mahalarta suna ganin inda ka koma. Mutane suna kawo maka lambar NIN, da takardun makaranta, da hotunan 'ya'yansu. In za ka tashi, ko alwala ce, danna Windows da L. In kuma yaron shago ko kwastoma na amfani da na'urar, buɗe masa asusu daban marar ikon shugaba. Sai dai ka riƙa fita daga asusu ɗaya kafin ka shiga ɗayan, domin idan ka sauya kawai ba ka fita ba, duka biyun suna zaune a RAM.

Mu dawo kan nauyin, wanda na san shi ya fi ci maka tuwo a ƙwarya. Kada ka sayi komai sai ka duba. Ka bari sai lokacin da ta fara jan ƙafar, ka buɗe Task Manager, ka kalli abu uku a Performance: CPU (furosesa), Memory (RAM), Disk (faifai). A irin kwamfutarka abin da aka fi gani shi ne Memory ya haura kashi 85 cikin ɗari, Disk kuma ya manne a 100. Ga ma'anarsa. Windows 10 ita kaɗai, kafin ka buɗe komai, tana cin kusan rabin 4GB ɗin nan. Da sauran ya cika, sai ta fara matse abin da ke ciki, in bai isa ba ta kwashe wani sashe ta jibge a faifai, cikin wani fayil mai suna pagefile.sys, ta ɗauko shi idan an nema. Idan faifan HDD ne, irin mai juyawa sau 5400 a minti, to akwai allura a ciki da sai ta yi tafiya ta je inda bayanin yake, kuma kowane zuwa yana cin wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ko fiye. Ka ga kamar kaɗan ne, amma dubban zuwa ake yi. Wannan shi ne lokacin da kake danna taga ta yi fari, fitilar faifai ta tsaya a kunne, kai da kwastoma kuna kallon juna. Kuma ka lura, tagar da ta daɗe a wani tebur ba a taɓa ta ba ita ce Windows za ta fara kwashewa zuwa faifai, shi ya sa komawa teburin da ka daɗe ba ka leƙa ba yakan zo da ɗan tsaiko.

Idan haka ka gani, kuɗinka na farko ya tafi kan SSD, wato sabon irin faifai. Ba shi da abin da ke juyawa, yana nemo bayani cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma na SATA mai inci 2.5 yana shiga daidai ramin da HDD ɗin ya fito. A jere yana karanta kusan 500MB a daƙiƙa inda tsohon ke yin wajen 100MB, amma ba wannan ne babban bambancin ba, saurin nemo ƙananan gutsattsari ne. 256GB ya ishi aikin shago, tsohon faifan kuma a sa shi a gidan USB ya zama ma'ajiya. A kasuwa akwai na jabu da waɗanda suka tsufa aka sake musu kwali, don haka ka sa a buɗe maka manhajar CrystalDiskInfo a gabanka, ta nuna lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki.

Na biyu RAM, daga 4GB zuwa 8GB. A shafin Memory ɗin nan, daga ƙasa, akwai inda aka rubuta Slots used. In ka ga 1 of 2, akwai gurbi. Ka tabbatar da irinsa kafin ka biya: DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, kuma laftof masu furosesar Intel ƙarni na huɗu DDR3L suke so, mai aiki da bolt 1.35, ba DDR3 na 1.5 ba, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. Wasu siraran laftof kuma an like RAM ɗinsu a jikin allon uwa (motherboard), ba a ƙarawa. Sannan ka duba Settings, System, About. Idan an rubuta 32-bit, ko ka sa 8GB Windows ba za ta iya amfani da fiye da kusan 4GB ba sai an sake ɗora mata 64-bit.

Kafin kuɗi su samu, akwai na kyauta. A Task Manager ka shiga Startup ka kashe duk abin da ba ka buƙatar ya tashi tare da kwamfutar. A saitin Chrome, ƙarƙashin Performance, kunna Memory Saver, wanda ke sauke shafukan da ka daɗe ba ka taɓa ba daga RAM. Wannan shi ne ainihin abin da abokinka yake zaton tebura na yi. Amma a yi hattara: shafin da aka sauke sabo yake lodawa idan ka koma, don haka ka sa shafukan cike fom a jerin waɗanda ba a taɓawa, kada ka dawo ka tarar da abin da ka cike ya goge. Shift da Esc a cikin Chrome zai nuna maka shafin da ya fi ci. Rigakafin ƙwayar cuta guda ya isa, kuma wanda ya zo da Windows yana aiki. Biyu a tare rigima suke da juna a kan kowane fayil. Manhajojin nan masu alkawarin wanke RAM da dannawa ɗaya kuwa ka rabu da su, abin da suke yi shi ne tura kaya zuwa faifai, wato ainihin abin da ke jawo nauyin.

Idan kuma CPU ne ka ga yana sama, fanka na ihu, gindin laftof ɗin ya yi zafi, to ƙura ce mai yiwuwa. Furosesa tana rage gudunta da kanta idan zafi ya yi yawa don kada ta ƙone. Laftof ɗin da ta sha hunturu biyu ko uku a shagon bakin titi ba a buɗe ta ba, za ka tarar da ƙura ta yi kamar auduga a bakin mafitar iska. Mai gyara ya buɗe ya share, ya sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta. Ka kuma lura ko nauyin yana zuwa ne daidai lokacin da aka ɗauke wuta, domin a kan batir Windows tana rage ƙarfi. Taɓa alamar batir ka ja ma'aunin zuwa ɓangaren ƙarfi idan aikin na gaggawa ne.

Wataƙila ka ji ana maganar wani tebur da ake haya ta intanet, irin Windows 365 na Microsoft ko WorkSpaces na Amazon. Wannan wani abu ne daban: kwamfuta ce mai ƙarfi a wata cibiya, taka tana nuna hotonta kawai. Shi kam yana sa tsohuwar na'ura ta yi aikin da ya fi ƙarfinta, amma da kuɗin wata-wata da intanet marar yankewa, kuma ban ga ribarsa ga shago irin naka ba. Haka VirtualBox da ire-irensa, masu ɗora wata Windows a cikin taka, RAM ɗinka suke rabawa biyu. Kada ka kusance su da 4GB.

Sai batun Windows 10 kanta. Microsoft ta daina tallafa mata na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma a hukumance tana neman wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel ƙarni na takwas zuwa sama, ko makamanciyarta ta AMD. Idan taka ba ta kai ba, SSD ɗin da za ka saya ba asara ba ne, yawanci ana iya cire shi a mayar a wata na'urar ko a gidan USB, amma kada ka zuba kuɗi mai yawa a kanta, ka fara tarin wadda za ta gaje ta. Linux Mint na gudu da kyau a tsofaffin kwamfutoci kuma tebura a cikinta sun fi na Windows sauƙin sarrafawa, sai dai CorelDRAW ba shi da na Linux, ga kuma batun direban firinta, shi ya sa ban tura ka can ba.

Ka turo mini sunan samfurin laftof ɗin kamar yadda yake rubuce a gindinta, da lambobin CPU da Memory da Disk a lokacin da ta yi nauyi, da abin da Slots used ya nuna. Da su zan iya gaya maka irin RAM ɗin da za ta karɓa da iyakar abin da za ta ɗauka.